Haɗa digiri na farko da na biyu a Amurka don aikin kula da harkokin ɗalibai: me ake samu, me ake rasawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka, tana karanta ilimin halayyar ɗan Adam, kuma tana cikin ɗaliban da ke taimakawa wajen kula da ɗakunan kwana. Ta ce akwai tsarin da zai ba ta damar gama digiri na farko da na biyu cikin shekara 5 maimakon 6, a fannin kula da harkokin ɗalibai. Yaya tsarin yake, kuma in amince mata?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi mata albarka, ya sa ta gama lafiya. Tsarin da ta gaya maka gaskiya ne, jami'o'i da yawa a Amurka suna da shi, kuma an fi saninsa da 4+1, wato shekara huɗu na digirin farko da shekara ɗaya ta na biyu. Amma kafin ka ce mata to, akwai tambaya ɗaya da za ta amsa maka da takarda a hannu: a shekara ta biyar ɗin, za a ba ta gurbin aiki mai biya mata kuɗin makaranta, ko kuwa daga aljihunka za a biya? A wannan fannin musamman, duk sauran maganar a bayan wannan take.

Bari in fara da aikin kansa, tunda ya bambanta da abin da muka saba gani a gida. A jami'o'in Najeriya, ofishin kula da harkokin ɗalibai yawanci wani malami ne ke shugabantarsa na ɗan wa'adi, sai ma'aikatan ofishin rajistara suna taya shi rabon ɗakuna da sha'anin ƙungiyoyin ɗalibai da tura sunaye zuwa bautar ƙasa. A Amurka kuwa sana'a ce mai zaman kanta, mutum na shiga ya tsufa a cikinta. Tun 1937 aka rubuta takardar da ta kafa mata harsashi, wadda ta ce jami'a ta kula da ɗalibi ɗungurungum, lafiyarsa da tarbiyyarsa da zamansa da mutane, ba kansa kaɗai ba. Manyan ƙungiyoyinta biyu, NASPA da ACPA, duk sun haura shekara 100. Masu wannan sana'a su ne ke riƙe da ɗakunan kwana, da tarbar sababbin ɗalibai, da ba da shawara kan zaɓen darussa, da ladabtarwa, da ofishin neman aiki, da hidimar masu buƙata ta musamman, da ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Kusan babu mai karanta wannan a digirin farko. Ƙofar shiga ita ce digiri na biyu, shi ya sa 'yarka ke hangen gajeriyar hanya.

Ga yadda lissafin yake. Digirin farko a Amurka yawanci kiredit 120 ne, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin darussa da shi. Digiri na biyu a wannan fanni kan kama daga kiredit 36 zuwa 48, ya danganta da jami'a. Mu ɗauki misalin 42. In an bi tsohuwar hanya, za ta tara 162 cikin shekara 6. Tsarin 4+1 yana ba ta izinin ɗaukar wasu darussan digiri na biyu tun tana shekarar ƙarshe ta digirin farko, a ƙirga mata su sau biyu, nan da can. Yawancin jami'o'i suna yarda da kiredit 6 zuwa 12. In 12 ne, ya rage mata 30 ke nan da za ta ƙarasa cikin wata 12: ƙila 6 a hutun bazararsu, 12 daga Agusta zuwa Disamba, 12 daga Janairu zuwa Mayu. Ka ga ba a rage mata karatu sosai ba, an dai matse shi ne.

Neman shiga a shekara ta uku ake yi, yawanci bayan ɗalibi ya tara kiredit 60 zuwa 90. Ana duba matsakaicin maki, kuma mafi ƙanƙantar abin da aka saba nema 3.0 ne a ma'aunin 4.0, wasu kuma su nemi 3.25 ko 3.5 tunda hanya ce ta gaggawa. Kada ka gwada shi da ma'aunin 5.0 na jami'o'inmu. Za a nemi wasiƙun shaida biyu ko uku, da bayanin dalilinta na son fannin, da takardar tarihin ayyukanta, wani lokaci da ganawa. Shawarata a nan, ɗaya daga cikin wasiƙun ta fito daga wanda ke duba aikinta a ɗakunan kwana, ɗaya kuma daga malamin da ya karanta rubutunta na bincike. Na farko zai shaida tana iya zama da mutane, na biyu zai shaida za ta iya ɗaukar karatu mai nauyi. Abin da ake ba ta a wannan mataki izini ne mai sharaɗi. Sai ta samu aƙalla B a kowane darasin digiri na biyu, ta riƙe makinta, ta kuma karɓi digirin farko a kan lokaci, sannan ya zama cikakkiyar karɓa. Darasin da ta samu C a cikinsa yana iya shiga lissafin digirin farko amma a ƙi ƙirga shi a na biyu, shi ke nan an sake biyan kuɗi an sake zama aji.

Tunda tana shekara ta biyu, yanzu ne lokacin shiri, ba a fafe gora ranar tafiya. Darussan digiri na biyu masu kiredit 12 ɗin nan, wato kamar darussa huɗu, sai an yi musu wuri a jadawalin shekara ta huɗu, kuma wurin da suke shiga shi ne gurbin darussan zaɓi. Ɗalibin da ya cinye darussan zaɓinsa tun shekara ta biyu da ta uku, ya bar wajibai zuwa ƙarshe, zai tarar babu inda zai sa su. Ta zauna da mai ba ta shawarar darussa a wannan zangon, su zana jadawalin zango huɗu da suka rage mata, darasi bayan darasi. Ta kuma duba wane zango ake koyar da kowane darasin digiri na biyu, domin a ƙananan sassa akwai darasin da sau ɗaya ake bayarwa a shekara, wani ma sai bayan shekara biyu.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. A wannan fanni, yadda aka saba yin digiri na biyu shi ne shekara biyu tare da gurbin aiki da suke kira graduate assistantship. Ɗalibi yana yi wa jami'a aiki awa 20 a mako a ɗaya daga cikin ofisoshin da na ambata, jami'a kuma ta yafe masa kuɗin makaranta duka ko wani kaso, ta ba shi alawus. In a ɗakunan kwana ne aikin, sau da yawa har da ɗakin zama da abinci. Sanannun shirye-shirye irin na jami'ar Bowling Green da ta Miami da ke jihar Ohayo, da na Indiyana, da na Jihar Mishigan, da na Bamont, sun yi suna ne a kan haɗa aji da irin wannan aiki. Don haka mai shekara biyu da cikakken gurbi yana iya fita bai biya kuɗin makaranta ba, alhali mai shekara ɗaya marar gurbi ya biya kuɗin kiredit 30 a farashin digiri na biyu, ga haya ga abinci ga inshorar lafiya. Gajeriyar hanya tana iya fin doguwar tsada nesa ba kusa ba. Wasu jami'o'in suna ba 'yan 4+1 gurbi, wasu kuma ofisoshinsu sun fi son wanda zai zauna musu shekara biyu, tunda horar da sabon hannu kan ci zango guda. Wannan ba abin da za a yi zato a kai ba ne. Ta rubuta wa shugaban shirin ta tambaya: 'yan 4+1 nawa suka samu gurbi bara da bana, kuma gurbin yana yafe kiredit nawa a zango? Wannan tambaya ta biyu tana da muhimmanci, saboda in yafiyar ta tsaya a kiredit 9 ita kuma tana ɗaukar 12, uku ɗin a kanka suke, haka ma na hutun bazara in ba ya ciki.

Akwai wani ramin kuɗi kuma. In tana da tallafin karatu na digirin farko, ka duba sharuɗɗansa. Galibi na zango takwas ne, kuma yana ƙarewa ranar da aka ba ta digirin. Wasu jami'o'in suna cajin darussan digiri na biyu da farashin digirin farko muddin ba ta kammala ba, wanda riba ce ta gaske. Wasu kuwa suna caji da farashi mai tsada tun ranar farko, tallafin kuma ya ƙi rufe su. Ofishin kuɗi na jami'a ne zai ba da wannan amsa a rubuce, ba sashen koyarwa ba.

Ko an samu gurbin, ka dubi makonta a shekara ta biyar. Hukumar CAS, wadda ke tsara ma'aunin irin waɗannan shirye-shirye tun kafuwarta a 1979, ta nemi aƙalla awa 300 na aikin koyo ƙarƙashin kulawa, a wurare biyu daban. In an raba shi zango biyu masu mako 15, awa 10 ke nan a mako. Sa awa 20 na gurbi a kai. Sa awa 9 na zama aji, in aikin koyon ya ci kiredit 3 daga cikin 12 ɗin, da awa 18 na karatu a ɗaki, tunda ƙa'idarsu ita ce kowace awa ta aji tana neman aƙalla awa biyu a waje. Awa 57 ke nan, ba a sa daren da wayar gaggawa ke hannunta ba. A aikin ɗakunan kwana akwai makon da wayar nan ke kwana kusa da matashinta. Ƙarfe biyu na dare za a kira: ga ɗalibi nan a kwance a banɗakin hawa na uku ya sha giya ya wuce kima, abokansa sun kewaye shi suna roƙon kada a kira motar asibiti don tsoron hukunci. Ita za ta yanke shawarar a kira, ta tsaya har a ɗauke shi, ta sanar da na sama da ita, ta rubuta rahoto kafin gari ya waye, sannan ƙarfe tara tana aji. Wannan shi ne aikin, kuma a irin waɗannan darare ake koyonsa.

Daga nan ne illa ta biyu ke fitowa. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni abin da ɗalibi ya taɓa riƙewa da hannunsa suke tambaya. Kasuwar aikin tana buɗewa tun Janairu, ta yi zafi a Fabrairu da Maris, lokacin da aka saba yin manyan tarukan ganawa da masu neman aiki. Mai shekara biyu yana zuwa da kusan wata 18 na aiki, ya ga shekarar karatu guda daga tarbar sababbi har rufe ɗakuna, ya kuma yi aikin koyo na hutun bazara a wata jami'a ta hanyar ƙungiyoyi irin ACUHO-I ta ma'aikatan ɗakunan kwana ko NODA ta masu tarbar sababbin ɗalibai. Ita kuwa za ta zo da wata shida ko bakwai. Ana iya rage wannan giɓi, kuma hanyar ita ce ta fara tara ƙwarewa tun yanzu: bayan ɗakunan kwana ta shiga tarbar sababbin ɗalibai, ta nemi shirin NUFP na ƙungiyar NASPA wanda ke haɗa ɗaliban digirin farko da gogaggen ma'aikaci mai yi musu jagora, ta kuma yi ƙoƙarin samun aikin koyo a wata jami'a daban a hutun da ke tsakanin shekara ta huɗu da ta biyar. Sai dai wannan hutun shi ne wanda lissafinmu na sama ya cika da kiredit 6, don haka sai an zaɓi darussan intanet ko a sake jadawalin.

Zama a jami'a ɗaya shekara biyar ma yana da nasa. Wadda jiya take cin abinci tare da ƙawaye, yau ita ce ke duba aikinsu, ko ta zauna a kwamitin ladabtar da ƙanen ƙawarta. Tun farko ta gaya wa shugabanta sunayen waɗanda take da alaƙa da su, a cire ta daga shari'arsu. Ban da wannan, manya a fannin sun daɗe suna ba da shawarar mutum ya ga fiye da jami'a ɗaya, domin yadda ake tafiyar da babbar jami'ar gwamnati mai ɗalibai dubu arba'in daban yake da ƙaramar kwaleji mai dubu biyu. Ni dai ina ganin wannan illar ba ta kai ta kuɗi ba, kuma aikin koyo a wata makaranta yana magance rabinta.

Abin da za ta karanta kuwa mai amfani ne. Akwai nazarin yadda matashi ke girma da sauyawa a shekarun jami'a, inda za ta haɗu da aikin Arthur Chickering na 1969, da na Alexander Astin na 1984 kan cewa gwargwadon shigar ɗalibi cikin rayuwar makaranta gwargwadon abin da yake ƙaruwa da shi, da na Vincent Tinto kan dalilan da ke sa ɗalibai barin karatu. Akwai dokoki: FERPA ta 1974 kan sirrin bayanan ɗalibi, wadda ita ce ta sa jami'ar ba ta aiko maka da sakamakon 'yarka sai da izininta, da Title IX ta 1972 kan wariyar jinsi, da dokar Clery ta 1990 kan bayyana laifukan da aka aikata a harabar makaranta. Akwai dabarun sauraro da ba da shawara, da kasafin kuɗi, da auna tasirin shirye-shirye. Abu ɗaya kada ya ruɗe ku: wannan digiri ba ya mai da ita mai lasisin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Wancan hanya ce daban, mai kiredit 60, da awa 100 na gwaji da awa 600 na aikin koyo a shirye-shiryen da hukumar CACREP ta tantance. Tunda halayyar ɗan Adam take karantawa, ta tabbatar wanne daga cikin biyun take so kafin ta ɗaure kanta.

In bizar ɗalibi ta F-1 take riƙe da ita, to sai an ƙara hankali. Sauya mataki daga digirin farko zuwa na biyu yana buƙatar sabuwar takardar I-20, wato shaidar karatun da bizar ta dogara a kanta, daga ofishin ɗaliban ƙasashen waje, kuma za su nemi shaidar kuɗin shekara guda, wanda wasiƙar gurbin aiki kan rage nauyinta. Doka ta taƙaita mata aiki a cikin makaranta zuwa awa 20 a mako lokacin karatu, gurbin kaɗai ya cinye su. Aikin koyo a wata makaranta sai da izinin CPT, a karɓe shi kafin ranar fara aiki, domin fara aiki ba izini laifi ne da ke iya ɓata zamanta gaba ɗaya. Sai izinin OPT na aiki bayan kammalawa: wata 12 ne ga kowane matakin digiri. Wanda ya wuce kai tsaye zuwa digiri na biyu ya bar na digirin farko ke nan, ba ya dawowa, saura na biyu kaɗai. Wannan fanni kuma ba ya cikin na kimiyya da fasaha da ake ƙara wa wata 24. Bayan wata 12 ɗin sai jami'ar da ta ɗauke ta ta nema mata bizar aiki ta H-1B. Jami'o'i ba sa cikin ƙayyadadden adadin da ake rabawa kowace shekara, amma da yawansu ba sa nema wa ƙananan ma'aikatan ofis. Wani abin da ɗalibanmu kan gano a makare: jami'in da ke sa hannu a kan I-20 dole ya kasance ɗan ƙasa ko mai takardar zama na dindindin, don haka yawancin guraben ofishin ɗaliban ƙasashen waje, inda ta fi dacewa, a rufe suke gare ta. Dokokin biza kuma sun yi ta sauyawa tun 2025, saboda haka kada ta baro Amurka zuwa hutu a tsakanin digirin biyu sai ofishin nan ya duba takardunta.

In kuma nufinku ta dawo gida, ta tambaya yaushe ake ba da takardar digirin farko. Wasu jami'o'in suna bayarwa a ƙarshen shekara ta huɗu, wasu suna riƙewa su ba da biyun tare. Na farkon ya fi aminci, domin in rashin lafiya ko rashin kuɗi ya tsayar da ita a shekara ta biyar, tana da digiri a hannu. A Najeriya za ta kai takardunta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance, ta yi bautar ƙasa, sannan ta nemi aiki, kuma mashigar da ta fi kusa ita ce ma'aikatan gudanarwa na ofishin rajistara ko cibiyar ba da shawara, ko jami'o'i masu zaman kansu da ke bin tsarin Amurka irin wadda ke Yola. Albashin farko a wannan sana'a matsakaici ne, can da nan, shi ya sa ba na son a ci bashi mai nauyi dominta.

Matsayata, Alhaji, ita ce ka bar ta ta nema, domin neman ba ya ɗaure ta, kuma darussan da za ta ɗauka a shekara ta huɗu za su nuna mata ko fannin ya kwanta mata. Amma a Disamba da Janairun shekarar ƙarshe, ta nemi shirye-shirye uku ko huɗu na shekara biyu masu gurbin aiki a wasu jami'o'in. Yawancin manyan jami'o'in Amurka sun sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ɗalibi har 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin tallafi, don haka za ta samu lokacin jera takardun a gabanta. Ta sani cewa kiredit ɗin da aka riga aka ƙirga a digirin farko, wata jami'ar ba lalle ta karɓe su ba. In jami'arta ta ba ta gurbi mai yafe kuɗin kiredit 30 ɗin, da wurin aikin koyo biyu daban, da digirin farko a ƙarshen shekara ta huɗu, ta zauna ta yi 4+1. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, musamman na farko, kuma wata jami'a ta yi mata cikakken tayi, ta tafi can ta yi shekara biyun.